Yadda ake shirya baje kolin zane-zane a zauren unguwa a zangon Accra

Akwai wani matashi a layinmu a Nima, ɗaya daga cikin unguwannin zangon Accra, da ke rubuta allunan shago. Da yawa daga cikin shagunan aski da na masu gyaran waya a wajen, hannunsa ne a goshinsu. Sai da na shiga ɗakinsa wata rana neman aron tsani na ga abin da yake yi idan ya tashi daga aikin kuɗi. Zane ne fiye da goma a jingine bayan katifa, fuskarsu na kallon bango, wasu har fumfuna ta fara cin gefensu. A ciki akwai na wata mai koko da asuba, tururin tukunya ya rufe rabin fuskarta, hannunta ɗaya riƙe da ludayi. Na tambaye shi ko mahaifiyarsa ta taɓa gani. Ya ce, "Yaya, ita dai ta san ina ɓata fenti."

Accra, ko Ankara kamar yadda iyayenmu ke kiranta, ba ta rasa gidajen nuna zane ba. Akwai Gallery 1957 da aka buɗe a otal ɗin Kempinski a 2016, akwai Gidauniyar Nubuke a East Legon, akwai Artists Alliance a La wanda Farfesa Ablade Glover ya kafa, ga kuma bikin zane-zanen titi na Chale Wote da aka fara a titunan James Town a 2011. Daga Nima zuwa kowannensu tafiyar trotro ce, wato ƙaramar motar haya. Amma mai kokon nan ba za ta bar tukunyarta ta tafi otal kallon kanta ba, mahaifiyar yaron ma haka. In ana so su gani, sai an kai musu zanen har unguwa. An ma riga an share hanya. Ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art ta daɗe tana zane a bangayen unguwa tana koya wa yara, kuma Moh Awudu, wanda manyan zanensa ke jikin bangayen birnin, ɗan Nima ne. Ga yadda mutum huɗu ko biyar za su haɗa baje koli a zauren unguwa, su tashi lafiya da masu zane da dattawa baki ɗaya.

Ku fara da gaisuwa

Ku haɗu ku biyar, kada ku wuce haka, domin taron yawa ba ya yanke magana. Ɗaya ya riƙe kuɗi, ɗaya ya riƙe masu zane, ɗaya ya riƙe zaure da kayan aiki, ɗaya ya riƙe gayyata. Lallai a sami mace a cikinku, wadda matan unguwa ke jin maganarta.

Daga nan sai zagayen gaisuwa, da goro a hannu: sarkin unguwa, liman, magajiya, da asambuliman ɗinku, wato wakilin unguwarku a majalisar ƙaramar hukuma. Wanda ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye buga fosta, zai ji maganar ta dawo masa ta bayan gida a gurguje. Ga sarki, "Ranka ya daɗe, yaranka ne suka zo neman albarka." Ga liman, "Allah ya gafarta Malam, muna da wani aiki, ba ma so mu fara sai ka gani."

A wurin liman ne za ku daɗe, saboda maganar hoton abu mai rai. Kada ku yi kamar babu ita, tana nan a zuciyar rabin waɗanda kuke son su zo. Malamai sun yi bayani mai yawa a kanta. An fi tsanantawa a kan mutum-mutumin da aka sassaƙa, an yi saɓani a kan zane a kyalle da hoton kyamara, sannan ba a jayayya a kan zanen bishiya ko gini ko rubutu. Fatawa ta malamai ce. Naku shi ne ku ɗauki hoton kowane aiki a waya, ku miƙa wa Malam ya duba da idonsa tun kafin a rataye komai. Abin da na ga yana kawo zaman lafiya shi ne raba zauren gida biyu: rubutun zayyana, ɗinki, aikin fata da zanen gine-gine a ƙofar shiga, zanen mutane kuma a ciki, inda wanda ya ga dama zai ƙarasa. In zauren wuri ne da ake salla a cikinsa, kada a rataye hoton mai rai a ɗakin sallar ko a fuskar alƙibla. Tsiraici kuwa, ku faɗa wa masu zane tun farko cewa ba wurinsa ba ne. Wannan bai rage wa kowa fasaharsa ba.

Zauren

Zauren ƙungiyar matasa, ajin makaranta lokacin hutu, ɗakin taron unguwa, duk suna yi. Ku je ku duba shi sau biyu, da rana tsaka da kuma bayan magariba. Ku ɗaga kai ku dubi silin: tabon ruwa mai launin shayi yana nufin rufin na yoyo. Ku shafa bango da tafin hannu, in kun ji sanyin danshi ko fenti na ɓarewa, wannan bangon ba na takarda ba ne. Ku duba inda rana ke faɗowa ta taga, domin hasken rana kai tsaye yana koɗar da launi. Ku gwada makulli, ku tambayi mutum nawa ke da ɗan mabuɗi. Sai ban ɗaki, ruwan alwala, da matakala: in tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya hawa ba, ku nemi ɗakin ƙasa.

Ku rubuta yarjejeniya da mai zauren ko da layi biyar ce: daga yaushe zuwa yaushe, nawa ne, wa zai biya kuɗin wuta, an yarda a buga ƙusa ko ba a yarda ba. In kuna nufin taron buɗewa ya fito kan titi da rumfuna, dokar taron jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda aƙalla kwana 5 kafin ranar. Ku leƙa ofishin asambuli ma, wato ƙaramar hukumarku. Nima tana ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma Ayawaso ta Arewa.

Ranar

Ku kauce wa Yuni, lokacin da damina ta fi ƙarfi, kwata ta cika, danshi ya shiga komai. Ku tuna kuma da dokar hana kiɗa da hayaniya da sarakunan ƙabilar Ga, 'yan asalin Accra, ke sawa na kusan wata guda, galibi tsakanin Mayu da Yuni, kafin bikinsu na Homowo. A ƙasarsu muke, girmama wannan wajibi ne, kuma ya shafi lasifikarku. Agusta na da kyau saboda garin na cike da masu neman zane lokacin Chale Wote. Disamba na kawo baƙi daga waje, sai dai ƙurar hunturu za ta sa ku share kullum. Ni dai na fi son satin Sallah: mutane sun ci ado, yara na yawon Sallah, kowa na neman inda zai kai iyalinsa. Kwana 7 zuwa 10 ya isa. Ku ba kanku wata uku na shiri.

Su wa za su baje, kuma me

Kada ku tsaya ga masu burushi da kyalle kaɗai. Zango cike yake da masu fasahar da ba su taɓa kiran kansu da sunan ba: alaramma mai zayyanar allon sauka, mai ɗinkin aska takwas a wuyan babbar riga, mai ɗinkin hula, baduku mai yin gidan wuƙa da jaka, mai zanen lalle wadda za a iya ɗaukar hoton aikinta a buga shi babba, mai hoton biki wanda ke da tsofaffin hotunan aure da suna na shekara arba'in a akwati. Waɗannan ne ke jawo dattawa, domin a ciki za su ga fuskar wanda suka sani.

Idan wani yaro ya ce ba shi da kuɗin kyalle da fenti mai tsada, ku ba shi labarin Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, wanda tsofaffin buhunan koko da gawayi ya haɗa aka ɗinke, ya lulluɓe bangaye da su a babban baje kolin Venice a 2015. El Anatsui da murafun kwalba ya yi suna a duniya. Serge Attukwei Clottey na La da jarkokin ruwa masu ruwan ɗorawa yake aiki, irin waɗanda ke kowane tsakar gida a Nima.

Ku zaɓi jigo guda mai sauƙi da zai ɗaure ayyukan, kamar "Asubar zango" ko "Hannun iyayenmu". Mutum 6 zuwa 10, kowa aiki uku ko huɗu. Ku je da ƙafarku ku ga aikin inda yake, hoton waya yana ɓoye girma da lahani. 'Yan mata masu zane ba kasafai suke kawo kansu ba, sai an bi su gida an gaida iyaye an yi bayani, kuma a nan ne mace ta cikinku za ta yi amfani.

Abu mafi nauyi shi ne ce wa mutum aikinsa bai shiga ba, alhali gobe za ku haɗu a masallaci. Kada ku aika ta waya. Ku zauna da shi, ku nuna masa wanda kuka fi so cikin ayyukansa da dalili, ku gaya masa gaskiyar abin da ya rage. In bango ya cika maƙil don kada ran kowa ya ɓaci, ba aikin da zai fito, an cuci kowa ke nan.

Littafin amana

Ku sayi littafi mai bangon kwali. Duk aikin da ya shigo, a rubuta sunan mai shi, sunan aikin, tsawo da faɗi, abin da aka yi shi da shi, farashi ko "ba na sayarwa ba ne", da duk wani tabo ko yagewa da ya zo da shi. A ɗauki hotonsa gaba da baya, a manna lamba a bayansa, mai aikin da mai karɓa su sa hannu. Rigimar da na fi gani bayan baje koli ba ta wuce "ai ba haka na kawo shi ba", kuma wannan littafin ne ke kashe ta.

A shafi ɗaya ku rubuta rabon kuɗi. Manyan gidajen baje koli sukan ɗauki har rabin kuɗin abin da aka sayar. Ku ba su ba ne. Kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ya isa ya rage muku kuɗin zaure da fenti, sauran na mai aiki ne, a hannunsa cikin sati guda. Ku rubuta kuma cewa wanda ya sayi zane ya mallaki zanen, amma buga shi a riga ko kalanda sai da izinin wanda ya zana. Ghana na da dokar haƙƙin mallakar fasaha ta 2005, kuma yaranmu da yawa ba su san tana kare su ba.

Kuɗin shiri kuwa, ku lissafa zaure, fenti, katako, ƙusa, ƙwayayen lantarki, buga takardu, abin sha, aboboya (babur mai ƙafa uku) mai ɗauko kaya, da man janareta saboda dumso, wato ɗauke wuta. Ku bi 'yan kasuwar unguwa da takardar lissafin a hannu. Wani ba zai ba da sidi ba amma zai ba da bokitin fenti, mai hayar rumfa zai ba da kujeru. Kada ku karɓi kuɗin shiga daga masu zane.

Ratayewa

A nan ne baje koli ke yin kyau ko ya lalace, don haka ku ware masa kwana biyu cur.

Ku shafe bango da farin fenti marar sheƙi, ku bari ya bushe sarai. In ba a yarda da ƙusa ba, ko bangon ya yi kaɗan, ku sayo filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 a kasuwar katako, kafinta ya yi masa ƙafafu masu faɗi, a ɗora bulo a bayansu don kada yaro ya jingina ya kifar. Kada ku sa ɗauko kaya ranar Laraba, ranar kasuwar Nima ce, hanya a cushe take.

Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, ku shimfiɗa tabarma a gindin bango, ku jingina ayyukan a inda kuke tunanin za su zauna. Ku koma bakin ƙofa ku duba. Ku sauya, ku sake dubawa. Aikin da ya fi ƙarfi shi ke fuskantar mai shigowa. Kada manya biyu masu launi mai zafi su zauna kafaɗa da kafaɗa, a sa mai sanyi a tsakaninsu. Allon zayyana da duk abin da ke ɗauke da aya ba a ajiye shi ƙasa ko na minti ɗaya, a tanadar masa tebur mai tsabta, kuma ba a rataye shi kusa da ƙofar ban ɗaki.

Kuskuren da kowa ke yi da farko shi ne ratayewa can sama kamar agogon bango. Tsakiyar zane ya kamata ta zo daidai idon mai tsayuwa, wato kimanin santimita 150 daga ƙasa. Ku ja zare a wannan tsayin daga kusurwa zuwa kusurwa, ku manna shi da tef. Lissafin ƙusa kuma ga shi: a ce zanen tsayinsa santimita 80 ne, rabinsa 40. Ku ja igiyar bayansa sama da yatsa kamar yana rataye, ku auna daga nan zuwa saman firam, a ce 10. To 150 a haɗa da 40, a cire 10, ƙusa za ta shiga a santimita 180. Aiki mai faɗi a ba shi ƙusa biyu don kada ya karkace. Ku ari ma'aunin magina mai ɗigon ruwa ku daidaita kowanne. Tsakanin aiki da aiki a bar aƙalla kamu biyu, in akwai wuri a ƙara. Zanen takarda a sa masa ɗan guntun kwali a kusurwoyin baya don iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango. Huluna da kayan fata a jera su a tebur mai farin ƙyalle, ƙanana a ɗaure su da zare ta ƙasa. In akwai ɓangaren zanen yara, a sauko da zaren ƙasa daidai idonsu.

Fitila: ƙwayayen lantarki farare marasa zafi, duka iri ɗaya, hasken ya sauko daga sama a karkace. In ka tsaya gaban firam mai gilashi ka ga fuskarka maimakon zanen, matsar da ƙwan.

Sai takardun bayani. Kowane aiki da tasa a gefen dama, a tsayi ɗaya: sunan mai aiki da manyan baƙaƙe, unguwarsa, sunan aikin, shekara, da kayan da aka yi shi da su. A rubuta da Hausa da Turanci, domin maƙwabtanmu Ga da Ewe da Asante za su zo. In kuna da mai kyakkyawan hannu, ya ƙara sunan aikin da ajami. Dattijon da boko ke ba shi wahala zai karanta da kansa, kuma rubutun ba baƙo ba ne a ƙasar nan: Malam Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, da shi ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa. Ku karanta wa kowane mai aiki sunansa kamar yadda aka rubuta kafin a manna. Kuskuren harafi a sunan mutum ranar da iyayensa suka zo gani ba ƙaramin ciwo ba ne.

Gayyata da ranar buɗewa

WhatsApp da Facebook za su kawo matasa. Dattawa sai sanarwa bayan sallar Juma'a da kati a hannu. Mata sai ta bakin magajiya da makarantun Islamiyya. Ku rubuta wa shugabannin makarantu ku ba kowace ranarta. Ku aika wa gidajen baje kolin gari da masu koyar da zane gayyata, da hoton aiki biyu ko uku, da kwatance mai kyau da lambar wanda zai tare su a bakin titi, domin baƙo ba ya gane lungunan Nima.

Ku buɗe bayan la'asar, ku sallami jama'a kafin magariba. Addu'a, gajeren jawabin sarki ko wakilinsa, sannan a kira masu aikin ɗaya bayan ɗaya da sunansu da sunan gidansu, kowa ya tsaya gefen aikinsa. Jawabai kada su wuce minti ashirin gaba ɗaya. Sobolo (zobo), lamurji, ƙosai da masa duk a waje ƙarƙashin rumfa, ba mai shiga da kofi. Ku tanadi kujeru biyu ko uku a cikin zauren don tsofaffi, kuma mai aiki da kansa ya kama hannun iyayensa ya kai su gaban abin da ya yi.

Sauran kwanakin, mutum biyu a zaure kullum, ɗaya a ƙofa ɗaya a ciki, da jadawalin da ya san lokacin salla don kada a bar wurin ba kowa. Yara za su so taɓawa. Kada a kore su, a nuna musu layin tef da aka manna a ƙasa taku ɗaya daga bango, a ajiye musu tabarma da takarda da fensir a kusurwa. A bakin ƙofa a sa littafin baƙi, wanda ba ya rubutu a rubuta masa abin da ya faɗa.

In an sayi aiki, a karɓi kuɗin ta MoMo, wato ta waya, ko a hannu, a yanka rasit biyu, a manna jan ɗigo a takardar bayaninsa. Aikin yana nan a bango har ranar rufewa. Ku roƙi masu zane kowa ya kawo ƙananan ayyuka masu sauƙin kuɗi, domin mai shagon da ba zai iya sayen babba ba yana iya ɗaukar ƙarami ya rataye bayan kantarsa. Farashin da aka rubuta kuwa, mai aikin ne kaɗai ke da ikon ragewa. Mai gadi ba ya ciniki a madadinsa.

Saukewa

Washegarin rufewa, da littafin amana a buɗe, a sauke aiki ɗaya bayan ɗaya, a duba shi da hoton ranar da ya shigo. Wanda aka saya a naɗe shi da kwali a kai wa mai saye, wanda ya rage mai shi ya sa hannu ya karɓa. In wani abu ya lalace a hannunku, ku faɗa kafin ya gani, ku daidaita da shi. A karanta lissafin shiga da fita a gaban kowa, a ba kowane mai aiki kuɗinsa da hotunan ayyukansa a rataye, domin da su zai nemi wata ƙofar. Ku shawarce su kada su mayar da zanen bayan katifa: a ɗora a kan katako nesa da ƙasa, fuska da fuska, da kwali a tsakani. Sannan a cire ƙusoshi, a toshe ramuka, a shafa fenti, a share, a mayar wa mai zaure mabuɗinsa. Da yamma ku sake ɗaukar goro ku koma wa sarki da liman da magajiya bangajiya.